Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙyalle, Tsumma da Dilar Gwanjo

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan yadin da ake zubarwa, tun daga ƙyallen da ke faɗuwa ƙasan teburin tela har zuwa gwanjon da ya ƙi sayuwa. Mun zaɓi takwas. Waɗanda suka amsa masu aikin yanka ne da rini da sarrafa zare.

Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki, keke huɗu da yara uku. Duk mako sai mun cika buhu da ƙyallaye mun kai bola, gab da sallah kuwa buhu biyu ko uku. Ta ina zan fara ragewa? — Wani tela, Fagge, Kano

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka fara da sikeli kafin almakashi. Ka ɗauki mako guda kana auna nauyin duk yadin da ya hau tebur, sannan ka auna abin da ya faɗi ƙasa. A manyan masana'antun ɗinki, inda kwamfuta ke jera fasalin yanka, abin da ke faɗuwa yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Shagon da ake yanka da ido yana iya wuce haka. A ce kana yanka yadi 30 a mako, kashi 15 na shiga buhu: yadi huɗu da rabi ke nan, a shekara yadi 234, daidai da turmin atamfa 39.

Babbar ɓarna daga gaggawa take. Yaro ya yanke gaban riga, ya yanke baya, sannan ya fara neman inda hannu zai fito. Tun ran gini tun ran zane: a shimfiɗa yadin gaba ɗaya, a zana komai da alli, almakashi ya zo daga ƙarshe. Manyan sassa su ake fara zanawa, wato gaba da baya da ƙafafun wando, sai hannu, sai ƙanana irin su aljihu da kwala su cike gurbin da hammata da wuya suka bari.

Ta biyu ita ce ninka yadi gida biyu daidai a kowane ɗinki. Ka ninka iyakar faɗin da sashen ke buƙata kawai. Ta haka ragowar za ta fito falle guda mai faɗi da zai yi wani abu, maimakon sirara biyu da ba su da amfani. A yadin da ba shi da sama da ƙasa, ka juya ƙafafun wando kai da ƙafa, ƙugun ɗaya kusa da bakin ƙafar ɗaya. Amma kada ka yi haka a atamfa mai zanen da ke tsaye, ko a karan-miski, don ƙafa ɗaya za ta fi ɗaya duhu. Kada kuma ka karkatar da sashe daga tsayin yadi don ceton inci biyu. Wandon da aka yanka a karkace yana murɗewa bayan wankin farko, mai shi ya jefar, an yi ba a yi ba.

Ka riƙa auna mutum kafin ya sayi yadi, domin faɗin yadi ba ɗaya ba ne. Atamfa tana tsakanin inci 45 zuwa 47, wasu yadikan maza kuwa suna kai 58 zuwa 60, don haka abin da zai isa a wannan ya yi yawa a wancan. Yadin auduga zalla yana tsukewa da kashi 3 zuwa 5 a wankin farko, kaftani mai tsawon inci 60 zai iya rasa inci biyu ko uku, saboda haka a jiƙa a shanya kafin yanka. Ka bar inci ɗaya a ɗinkin gefe, ka bar kalmasa inci biyu zuwa uku a kayan yara, don a samu abin buɗewa in jiki ya ƙaru.

Abin lura a nan, babbar rigar saƙi ta kakanninmu kusan ba ta barin ƙyalle. Sirara ake saƙa ta, a jera a haɗa baki da baki, kusan duk sassanta masu kusurwa huɗu ne. Ɗinkin da ke bin lanƙwasar jiki shi ya kawo yawan ƙyalle, kuma telan da ya fahimci haka zai san inda zai sa ido.

Na tara ƙyallaye buhu biyar. Na gwada haɗa zanin gado da su, amma da aka wanke sai ya tattare, kuma ja ya zuba a kan fari. Me na yi ba daidai ba? — Mai ɗinki, Maraɗi

Hajiya, kurakurai biyu ne, kuma duk kafin ki hau keke suka faru. Kin haɗa yadin da ke tsukewa da wanda ba ya tsukewa, shi ya sa ya tattare. Kuma ba ki gwada launi ba.

Ki zazzage buhunan ki ware sau biyu. Warewar farko ta iri ce: auduga gefe, roba gefe, mai kauri irin jins gefe, leshi da mai santsi gefe. Atamfa da atamfa ake haɗawa, shadda da shadda. Idan aka ɗinka mai nauyi da marar nauyi, mai nauyin ne zai yaga ɗan'uwansa a kan layin ɗinki. Warewa ta biyu ta girma ce. Duk ƙyallen da ya kai inci 12 kada ki datsa shi, ajiye shi don aljihu, hular yara, jakar hannu ko shafin ciki. Masu inci 5 zuwa 6 su ne na haɗi. Dogaye sirara masu faɗin inci ɗaya da rabi zuwa biyu su ne na kitsa abin goge ƙafa ko na daje baki. Abin da ya rage, ɓarɓashi ne na cusa matashi.

Gwajin launi ba shi da wuya. Ki jiƙa gefen ƙyalle da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ki danna shi a kan farin ƙyalle na minti ɗaya. In ya bar alama, ki wanke shi shi kaɗai har ruwan ya fito fes, ko ki haɗa shi da masu duhu kawai. Ja, shuɗi mai duhu da baƙi su suka fi zuba. Bayan haka ki wanke duka, ki goge, sannan ki yanka. Ƙyallen da ba a goge ba ba ya yankuwa daidai.

Ki yanki kwali mai inci 5 ta kowane gefe ya zama ma'auninki. In kina cin rabin inci a ɗinki, kowane yanki zai tsaya inci 4. Zanin gado mai faɗin inci 60 da tsawon inci 80 zai ci yanki 300, wato 15 a jere sau 20. Ki haɗa layi-layi tukuna, ki kwantar da ɗinkin layi na farko dama da dutsen guga, na biyu hagu, haka har ƙarshe, don kada mahaɗar ta yi tudu ta karya allura. Sannan ki sa masa shafi a baya, ki bi da ɗinki duk bayan inci 8 don ya riƙe. In babu shafi, bakin ƙyallayen zai yi ta warwarewa a wanki. Irin wannan haɗi ba abin kunya ba ne. A Senegal mabiya Baye Fall, wani reshe na ɗariƙar Muridiyya, da shi aka san su, kuma yanzu masu zanen kaya na sayar da shi da tsada.

Game da matashi: ki datsa ɓarɓashin kada ya wuce inci ɗaya, in ba haka ba zai dunƙule ya yi ƙulu-ƙulu. Ki shanya shi ya bushe ƙayau, ki bi shi da mayen ƙarfe saboda allura da fil da ke ɓuya a ciki. Yana da nauyi da tauri fiye da auduga, don haka ya fi dacewa da matashin jingina da tumtum. Kada a yi wa jariri matashi da shi.

An sayar mini da yadi a kan auduga ce, amma zafi ya hana ni sawa. Yaya ake gane auduga da roba? — Wani ɗalibi, Gusau

Ɗan'uwa, da ashana. Ka yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin farce daga bakin yadin, ka riƙe da hantsaki ko filaya a kan farantin ƙarfe, ga ruwa kusa, ka kusantar da wuta.

Auduga tana kamawa nan da nan, tana warin takarda mai ƙuna, tana barin toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Foliyesta, wadda 'yan kasuwa ke ce wa roba, tana ja da baya daga wuta, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar ɗan dunƙule mai tauri da ba ya murjewa. Nailan ma narkewa yake, dunƙulensa ya fi haske. Ulu da siliki suna ƙaurin gashi, suna mutuwa da kansu in an janye wutar, dunƙulensu kuma yana farfashewa. Biskos, da ake yi da itacen da aka narkar, yana ƙonewa kamar auduga, sai dai shi in ya jiƙe yana rauni. Idan ka ga toka ga kuma ɗan tauri a gefe, gauraye ne, kuma yawancin yadin kasuwa yau haka yake. Ka zare zaren tsaye da na kwance ka gwada su daban, don wani yadin tsayensa roba ne, kwancensa auduga. Kada ka taɓa narkakken roba da hannu, yana manne wa fata.

Wannan gwaji shi ne mabuɗin duk sauran amsoshin shafin nan, domin irin zaren shi ke nuna ko tufa za ta rinu, ko za ta tsotse mai, ko za ta ruɓe a ƙasa.

Ina sayar da gwanjo. A da in na fasa dila nakan samu riba, yanzu kusan rabi ba ya sayuwa, kuma kuɗin dila kullum hawa yake. Ni ce ban iya zaɓe ba, ko kayan ne suka lalace? — Wata 'yar kasuwa, Nima, Accra

Baiwar Allah, ba laifinki ba ne. Dila a ɗaure ake sayenta, ba a buɗewa, ba a mayarwa, don haka duk asarar da ke ciki a kanki take faɗawa. Kayan kuma sun canja tun daga tushe. Kamfanonin da ke fitar da sabon yayi duk mako suna ɗinka tufa mai arha da siririn yadi, yawancinsa roba, wanda ba a yi shi don ya daɗe ba. Masu tacewa a Turai da Amurka kuma suna cire mafi kyau su sayar a can. Abin da ya rage shi ke hawa jirgin ruwa.

Kin fi mu sanin Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra. Ƙungiyar The Or Foundation, da ke aiki a kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na fita a matsayin shara. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Ghana ta musa, ta ce abin bai wuce kashi 5 ba. Saɓanin yana kan abin da ake ƙirgawa: mai shigo da kaya yana ƙirga abin da ya zo a yage, mai rumfa kuwa tana ƙirga duk abin da ya ƙi sayuwa. Wanda ya ga bakin tekun Accra da tafkin Korle, inda tsummokara ke nannaɗewa kamar igiya suna shiga ragar masunta, ya san sharar ba ƙarama ba ce. Ga kuma 'yan matan da ke ɗaukar dila mai kilo 55 a ka, yawancinsu daga arewacin Ghana, waɗanda ake kira kayayei, sunan da rabinsa kalmarmu ce ta kaya. Gobarar farkon Janairun 2025 da ta cinye babban ɓangaren kasuwar ta ƙara wa masu rumfa nauyin bashi a kan wanda suke ciki.

Ga abin da ke hannunki. Ki buɗe littafi. Kowace dila ki rubuta sunan wanda ya sayar miki, alamar kamfanin da ke jikinta, ƙasar da ta fito, nauyinta, da adadin abin da ke ciki. Ki ware kashi huɗu: wanda zai sayu yau, wanda ke son wanki da guga, wanda ke son tela, da wanda ya mutu. Bayan dila biyar ko shida za ki ga alamar da ke cutar ki, ki daina sayenta ko da ta fi arha.

Sai lissafi, inda da yawa ke faɗuwa. Dila mai kilo 55 ta rigunan shan iska masu nauyin giram 200 za ta ba da kusan guda 275. Idan huɗu cikin goma ba za su sayu ba, kuɗin dila da dako da kuɗin rumfa a kan 165 za ki raba su, ba a kan 275 ba. Kashin farko kuma shi zai ɗauki mafi yawan kuɗin, don haka kada ki yi gaggawar karya farashinsa ranar fasa dila.

Kashi na uku shi ne inda riba ke ɓuya. Zif, maɓalli, ɗinkin da ya ɓalle a hammata, duk gyaran mintoci ne. Rigar namiji mai girman da ba mai sawa a nan tana fitar da rigar yaro da gajeren wando. Jins da gwiwarsa ta mutu yana zama gajere, ƙafafun su zama jaka. Ki yi yarjejeniya da tela guda a kan farashin dozin. Kashi na huɗu kuma ki ware audugar ciki, ki cire zif da maɓalli ki ajiye, ki yanka ta kamar inci 15 ta kowane gefe, ki sayar wa makanikai da masu fenti a kan kilo. Roba ba ta shan mai, shafa shi kawai take, don haka in kin gauraya ba za su dawo ba.

Ga masu saye kuma: a wanke gwanjo kafin a sa. Ruwa mai zafin digiri 60 yana kashe ƙwarƙwata da ƙwayar ƙazuwa. Abin da ba ya son ruwan zafi a goge shi da dutse mai zafi, musamman cikin ɗinki, ko a ɗaure a leda mako biyu.

Tunda ana narka ƙarfe da robar ruwa a sake yin sabo, me ya hana a yi wa tsofaffin tufafi haka? — Malamin makaranta, Zariya

Malam, ana yi, amma kaɗan ne ƙwarai. Rahoton Gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya nuna cewa abin da ake mayarwa sabuwar tufa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na zaren da ake ɗinki da shi ba. Dalilan na cikin tufar kanta.

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce ta inji mai haƙora. A ware tufafi launi-launi, a cire zif da maɓalli da hannu, a datsa, injin ya yayyaga har su koma kamar auduga. Matsalar ita ce silin auduga sabuwa yakan kai milimita 25 zuwa 30, yagar kuwa tana gajarta shi sosai, gajeren sili kuma ba ya yin zare mai ƙarfi. Shi ya sa galibi kashi 20 zuwa 30 kawai ake sawa a gauraya da sabuwar auduga. Garin Prato na Italiya ya shahara da yin haka da ulu tun ƙarni na 19, Panipat ta Indiya kuma da shi take saƙa barguna masu arha. Amfanin ware launi shi ne ba sai an sake rini ba. Mafi yawan abin da injin ke fitarwa dai ba ya komawa tufa, yana tafiya ne cikin katifa, kujerar mota da abin tare zafi a gini.

Hanya ta biyu ta sinadari ce, a narkar da auduga ta koma abin da ake yin zare irin biskos da shi. Tana son auduga kusan zalla. Kamfanin Renewcell na Suwidin ya gina babbar masana'anta don haka, amma ya karye a Fabrairun 2024 saboda masu saye ba su ɗauki kayan yadda aka zata ba, sai daga baya wasu suka saye shi. Sabon zare ya fi arha, nan gizo ke saƙar.

Gauraye shi ne babban cikas. Riga mai auduga da roba a zare guda ba ta rabuwa da inji, kuma ɗan zaren danƙon da ake sawa a jins don ya miƙe yana naɗe haƙoran inji. Foliyesta yanzu ta haura rabin duk zaren da duniya ke samarwa. Idan ka ga an rubuta a riga cewa da foliyesta da aka sake sarrafawa aka yi ta, kusan ko yaushe daga robar ruwa ce, ba daga tsohuwar riga ba. Robar da za ta iya komawa roba sau da dama an mai da ita rigar da ba za ta koma komai ba. Saboda haka a ganinmu sake sarrafawa ita ce ta ƙarshe a layi, bayan daɗewar tufa, gyara da sake ɗinki.

Ba gara a hana shigo da gwanjo gaba ɗaya ba, masaƙunmu su farfaɗo? — Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri, Kaduna

Baba, mun san inda tambayar nan ta fito. Kakuri ta ga zamanin da manyan masaƙu irin su KTL, wadda aka buɗe a 1957, da UNTL da Arewa Textiles ke aiki dare da rana. Amma a Najeriya gwanjo yana cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su tun da daɗewa, ga shi kuma cike da kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, yana biyowa ta Kwatano da Lome. Haramcin bai hana shi ba, ya dai hana a san abin da ke shigowa balle a tace shi. Kuma abin da ya kashe masaƙu ya haɗa da rashin wuta, tsadar baƙin mai, raguwar noman auduga da fasa-ƙwaurin sabuwar atamfa mai arha daga Asiya. In an kawar da gwanjo yau, sabon kayan roba mai arha ne zai cike gurbin.

Ruwanda ta gwada da gaske. A 2016 ta ɗaga harajin kilon gwanjo daga santi 20 zuwa dala biyu da rabi. Amurka ta mai da martani a 2018, ta dakatar da shigar tufafin Ruwanda kasuwarta ba haraji a ƙarƙashin AGOA, dokar Amurka ta sassauta haraji ga kayan Afirka. Kenya da Tanzaniya da Yuganda, da aka fara shirin tare da su, sun ja da baya a lokacin.

Abin da muke ganin ya fi shi ne a ɗora wa mai ƙera tufa kuɗin kwashe ta bayan an gama da ita. Faransa ta kafa irin wannan doka tun 2007: kowane kamfani yana biyan wani abu a kan kowace tufar da ya sa a kasuwa, wata ƙungiya mai suna Refashion ke tattarawa. Daga 2022 ta hana lalata kayan da ba a sayar ba, a ƙarshen 2023 kuma ta fara rage wa mutane yuro 6 zuwa 25 a kuɗin gyaran tufa da takalmi. Tun Janairun 2025 dole ne ƙasashen Tarayyar Turai su riƙa tara tsofaffin tufafi daban da sauran shara. To a nan ne ya kamata gwamnatocinmu su buɗe ido, don ƙarin tarawa a can yana nufin ƙarin dila a nan, kuɗin kuwa yana tsayawa a can. Abin nema shi ne a tace kaya kafin a loda, a rubuta gaskiyar abin da ke cikin dila, kuma wani kaso na kuɗin ya biyo tufar zuwa garin da zai kwashe shararta.

Akwatina cike yake da anko da na sa sau ɗaya ko biyu, ga shaddodin maigida da suka koɗe. Zubarwa na yi mini ciwo. — Uwargida, Katsina

Uwargida, kada ki zubar. Anko yadi ne sabo da aka ɗinka don yini guda. Siket mai faɗi yana fitar da rigar yarinya, zani yana zama rigar matashi ko labule, ɗankwali biyu suna yin jaka. Nan gaba ki ce wa tela ya yi miki ɗinkin da za ki iya zuwa unguwa da shi, ya rage duwatsu da gam, don abin da aka manna da gam ba ya farkuwa. In ke ce mai fitar da anko, ki zaɓi atamfar auduga da mutane za su ci gaba da ɗaurawa.

Shadda kuwa, in auduga ce, marina za ta dawo da ita. Karofin Ƙofar Mata a Kano, da ake danganta kafuwarsa da 1498, har yau yana rini da baba da toka, ga kuma masu rinin zamani a kusan kowane gari. Ki fara da gwajin ashana, domin baba da rinin auduga ba sa kama foliyesta, ita sai wani rini na daban a zafin da ya kai digiri 130 cikin tukunyar matsi. Gauraye zai fito da dishi-dishi. Ki duba zaren ɗinki da na aiki ma, yawanci roba ne, zai tsaya da launinsa na da. Ki wanke sitaci da maiƙo tas, don duk inda maiƙo yake rini ba ya zama. Rini daga haske zuwa duhu yake tafiya, kuma tsohon launi yana shiga lissafi: shuɗi a kan rawaya kore zai ba ki. Bayan rini a kai wa masu bugu, su ke dawo da ƙyallin.

Mai son yi a gida da rinin da ake haɗawa da sinadaran kostik soda da haidiro ya sa safar hannu ta roba, ya yi a fili, ya zuba sodar cikin ruwan sanyi a hankali, kada ya zuba ruwa a kan soda don tana tartsatsi. Kada a yi a tukunyar alminiyam, soda na cin ta. Lita 20 na ruwa ga kilo ɗaya na busasshen yadi, a riƙa juyawa, in ba haka ba ya yi dabbare-dabbare. Ruwan da ya rage kada a zuba inda dabbobi ke sha.

Koɗewa kuwa daga wanki take. A juya tufa ciki waje, ruwan sanyi, kada a bar ta kwana a jiƙe, a shanya a inuwa. Bilic yana cin zaren auduga. Abin da za a ajiye a daɗe kada a sa masa sitaci, yana jawo kyankyaso, kuma kada a ƙulle shi a leda da damina, zai yi fumfuna.

Tsumman da ya mutu gaba ɗaya fa, a ƙone ko a binne? — Mai shara, Damagaram

Malam, kada a ƙone, musamman na roba. Baƙin hayaƙinsa yana cutar da huhu, kuma rigunan da aka buga wa rubutu mai kauri wasunsu na ɗauke da PVC, wanda ke fitar da guba in ya ƙone. Kada a hura wutar girki ko ta gasa nama da shi. Kada kuma a jefa a kwata, yana tare yashi da leda ya toshe lambatu da ruwan farko. Awaki da shanu suna haɗiyarsa a juji, ya dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta rama tana ci.

Auduga zalla, fara ko marar rini mai yawa, wadda ba ta sha man inji ko fenti ba, tana iya shiga ramin taki. A cire ɗinki da lastik da maɓalli, don su ba sa ruɓewa, a yayyanka ƙanana, a gauraya da kashin dabbobi da ganye, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa duk mako biyu. Cikin 'yan watanni za ta narke. Na roba a tara shi a bushe a buhu, a nemi masu cusa katifa da kujera su ɗauka a kan kilo. Wanda suka ƙi, a ɗaure bakin buhun a kai inda motar shara ke kwasa.